Tambayoyi da Amsoshi kan Alkimiya da Rubutun Sirri a Zamanin Abbasiyawa da Bayansu

Waɗannan amsoshi sun shafi ilimi biyu da suka bunƙasa daga ƙarni na 8 zuwa na 15, daga Bagadaza da Dimashƙa da Alƙahira har zuwa Turai: alkimiya, wato neman mayar da ƙarfe mai araha zinariya, da ilimin ɓoye rubutu da warware shi. Dukansu biyu an lulluɓe su da almara, amma a ƙarƙashin almarar akwai aikin hannu na awo da ƙidaya da gwaji, kuma wannan ne muka fi mayar da hankali a kai.

Me masu alkimiya suke nema, kuma a kan wane tunani suka dogara?

Suna neman wani gari da suke kira iksiri, wanda in an barbaɗa kaɗan daga cikinsa a kan narkakkiyar dalma ko jan ƙarfe zai mayar da su azurfa ko zinariya. Ba hauka ne ya kai su ga wannan ba, tunaninsu yana da tsari. Sun ɗauka cewa dukkan ƙarafa asalinsu ɗaya, an haife su ne a cikin ƙasa daga haɗuwar farar wuta da zaiba. In su biyun suna da tsarki, aka haɗu daidai gwargwado, zafin ƙasa ya dafa su na tsawon zamani, sai a sami zinariya. In an sami gurɓata ko aka gaza dahuwa, sai a sami dalma ko kuza ko baƙin ƙarfe. Ke nan a wurinsu dalma zinariya ce da ba ta nuna ba, aikin mai alkimiya kuwa shi ne ya ƙarasa a tanderu abin da ƙasa ta bari rabi.

Akwai matsala da su kansu suka gani. In ka haɗa zaiba da farar wuta na kasuwa ka ɗora a wuta, ba ƙarfe kake samu ba, wani jan gari kake samu wanda Larabawa ke kira zunjufur, ana fenti da shi. Amsar da suka bayar ita ce, ba wannan zaiba da wannan farar wuta suke nufi ba, wasu ne masu tsarki da ba a samun su a fili. Daga nan ne ka'idar ta kuɓuce wa gwaji, domin duk lokacin da aiki ya ƙi, sai a ce kayan ne ba su tsarkaka ba.

Gaskiya ne Jabir bin Hayyan ne ya rubuta duk littattafan da ake danganta masa?

Da wuya. Ruwaya ta ce ya rayu a Kufa a ƙarni na 8 kuma almajirin Ja'afar as-Sadik ne. Amma Paul Kraus, wanda ya wallafa bincikensa a Alƙahira a 1942 da 1943, ya tattara sunayen rubuce-rubuce kusan 3000 da aka jingina wa Jabir, ya kuma kawo hujjar cewa jama'a ce ta rubuta su a tsakanin ƙarni na 9 da na 10. Wasu masana, irin su Fuat Sezgin, ba su yarda da shi ba. Sannan akwai wani "Geber" na Latin da ya bayyana a Turai a ƙarshen ƙarni na 13, wanda ya ari sunan kawai. Wannan ya kamata a kiyaye, domin a littattafan Latin na wannan zamani ne aka fara samun bayani ƙarara kan ruwan asid mai narkar da azurfa da zinariya, kuma sau da yawa ana ɗora wa Jabir na Kufa wannan aiki ba tare da an bincika ba.

Wane irin kaya ake samu a ɗakin aikin mai alkimiya?

Wanda ya fi kowa fayyace wannan shi ne Abubakar ar-Razi, likitan birnin Rayyu, wanda ya rasu wajen 925. Littafinsa Kitab al-Asrar ba shi da wa'azi ko habaici, jerin kaya ne da na'urori da matakan aiki. Ya raba kayan zuwa na ƙasa, na tsiro da na dabba. Na ƙasa ya sake kasa su shida: ruhohi, jikkuna, duwatsu, zaj (gishirin da ke ɗauke da ƙarfe), burak (garin da ke taimaka wa ƙarfe narkewa) da gishiri. Ruhohi huɗu ne, wato abubuwan da ke tashi sama in sun ji wuta: zaiba, farar wuta, nushadir (wani farin gishiri) da zarnik (wani dutse mai guba). Jikkuna su ne ƙarafa bakwai: zinariya, azurfa, jan ƙarfe, baƙin ƙarfe, kuza, dalma, da wani da ya kira kharsini.

Babbar na'ura ita ce ta tatsa, mai sassa uku. Akwai ƙar'u, tulun gilashi ko na yumɓu mai siffar duma, inda ake zuba kayan. Akwai inbiƙ, murfi mai ƙoƙuwa da ake kifawa a kai, yana da kwararo a zagayen cikinsa da dogon hanci. Sai ƙabila, kwalbar da ke tarar abin da ya ɗigo. Tururi yana tashi, ya bugi murfin mai sanyi, ya koma ruwa, ya gangara kwararon, ya bi hancin. Domin busassun kaya kamar nushadir akwai usal, tukwane biyu da ake kifa ɗaya kan ɗaya, garin ya tashi ya manne a ta sama. Sai kaskon narka ƙarfe, zugazugi, awartaki, turmi da tankaɗe.

Abin da masu karatu kan raina alhali shi ne rabin aikin shi ne laka. Suna kiranta ɗinul hikma: yumɓu mai kyau da aka tace daga tsakuwa, a kwaɓa da busasshen kashin dabba da aka tankaɗe, da yankakken gashi, da ɗan gishiri. Da ita ake shafe gindin gilashi don kada wuta ta fasa shi, da ita ake toshe mahaɗa. Gashin yana hana ta tsagewa. In aka yi gaggawa aka ɗora a wuta kafin ta bushe sarai, ruwan cikinta zai tafasa ya fasa ta, tururin da aka kwana ana tarawa ya tsere. Ba su da ma'aunin zafi, don haka sukan bambanta wuta da irin makamashinta: ɗumin taki mai ruɓewa don aikin makonni, ruwan zafi, toka mai zafi, yashi, sannan garwashi da zugazugi.

Akwai aikinsu da mutum zai iya gwadawa ba tare da haɗari ba?

Akwai, tatsar ruwan wardi. Littafin turare da ake danganta wa al-Kindi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, yana da haɗi 107, kuma ad-Dimashƙi, wanda ya rasu a 1327, ya siffanta tanderun masu wannan sana'a a Mizza kusa da Dimashƙa, inda ake jera tuluna da yawa a kan tururi.

A gida ana iya yi da babbar tukunya mai murfi mai ƙoƙuwa. A ajiye tsabtataccen bulo a tsakiya, a ɗora kwano a kansa. A zuba furen wardi mai ƙamshi da aka tsinko da asuba, kimanin kilo 1, a zagaye bulon, a zuba ruwa lita 2 zuwa 3 yadda zai rufe furen amma kada ya kai bakin kwanon. A kifa murfin a juye, a zuba ƙanƙara ko ruwan sanyi a samansa, a riƙa canzawa. Wuta ta zama kaɗan, ruwan yana motsi ba ya bori. A tsaya in an tara kimanin lita 1, domin abin da ke biyo baya ƙamshinsa ya yi rauni.

Abubuwa uku ke ɓata shi. In furen ya kama a gindin tukunya, ƙauri zai shiga ruwan kuma ba ya fita, shi ya sa mutanen Mizza suka fi son tururi a kan wuta kai tsaye. In tafasa ta yi ƙarfi, ruwan furen mai launi zai fantsama cikin kwanon, ya gurɓata shi, ya sa ya yi saurin lalacewa. Ruwan wardi na gaske fari ne tas. In kuma murfin ya yi zafi, tururin ba zai koma ruwa ba, ƙamshin zai cika ɗaki kwano ya zauna fayau.

To an taɓa samun zinariyar kuwa?

Ba a taɓa ba. Zinariya da dalma da zaiba kowanne asali ne mai zaman kansa, bambancinsu yana can cikin ƙwayar zarra: zinariya tana da furoton 79, zaiba 80, dalma 82. Babu wutar tanderu ko ruwan asid da ke taɓa wannan wuri. A 1980 Glenn Seaborg da abokan aikinsa a Amurka sun mayar da ƙwayoyin bismut zinariya da injin harba ƙwayoyin zarra, amma abin da suka samu ido ba ya ganinsa, kuɗin da aka kashe kuma ya ninka darajarsa ba iyaka.

Abin da masu alkimiya suka iya shi ne rini. Jan ƙarfe in an dafa shi da dutsen tutiya yana komawa tagulla mai ruwan zinariya, in an haɗa shi da zarnik yana yin fari kamar azurfa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya faɗi wannan ƙarara a Kitab ash-Shifa: suna iya canza launi har su ruɗi gwani, amma ainihin ƙarfen yana nan. Al-Kindi ma ya yi rubutu yana sukar masu da'awar, Ibn Khaldun ya bi sahu a Muƙaddima. Aɗ-Ɗugra'i, wanda aka kashe wajen 1121, ya tsaya ya kare ta yana mayar wa Ibn Sina martani. A Turai, inda ilimin ya shiga da fassarar Robert na Chester a 1144, Fafaroma Yohanna na 22 ya fitar da doka kan masu zinariyar jabu a 1317, Ingila ta haramta aikin a 1404.

In haka ne, ta yaya aka riƙa nuna wa sarakuna zinariya tana fitowa daga kasko?

Da damfara, kuma al-Jaubari na Dimashƙa ya tona ta a ƙarni na 13 a littafinsa na fallasa asirin mayaudara. Ana yin kasko mai gindi biyu, a ɓoye garin zinariya a ƙasa a rufe da kakin zuma da aka baƙanta. Ana huda sandar motsawa a cusa garin a toshe bakin da kaki. Ana huda gawayi a cika shi. Da wuta ta kama, kakin ya narke, zinariyar ta sauka.

Ya ba da labarin wani da ya goge dinari 1000 suka zama gari, ya cuɗa da gawayi ya mulmula, ya sayar wa wani mai kayan magani da araha da sunan ɗabarmaƙ na Khurasan. Da ya sami shiga wurin Sarki Nuruddin, sai ya rubuta kayan haɗi har da wannan suna, bayin sarki suka sayo da kansu, aka narka, zinariya ta fito ba tare da hannunsa ya taɓa kasko ba. Da aka nemi ƙari aka rasa, ya karɓi dukiya don ya je ya ɗebo daga Khurasan, ba a sake ganinsa ba.

Ta yaya ma'aikatan gidan buga kuɗi suke gane ta gaske?

Nan ne ilimin ya fi inganci, domin wanda ya yi kuskure a nan dukiyar sarki ya ɓatar. Hanya ta farko ita ce mihakki, baƙin dutse mai santsi. A goga ƙarfen a kai, a goga allurai da aka san tsarkinsu a gefensa, a kwatanta launin zanen. Tana da sauri amma fatar waje kawai take gani, don haka abin da aka shafa wa ruwan zinariya yana iya wucewa in ba a kankare shi ba.

Ta biyu ita ce wuta. A auna samfurin, a naɗe shi da dalma, a sa a ɗan kasko da aka yi da tokar ƙashi, a hura wuta iska tana ratsa samansa. Dalmar tana ƙonewa ta zama ruwa, ta kwashe jan ƙarfe da sauran datti, kaskon ya shanye su. Abin da ya rage ɗan dunƙule ne mai ƙyalli, a sake aunawa. In wutar ta yi sanyi dalmar ta daskare kafin ta gama aiki, in ta yi yawa ana asarar azurfa. Wannan hanya ba ta raba zinariya da azurfa. Domin wannan sai a buge ƙarfen ya zama falle, a jera shi hawa-hawa da gishiri da garin jan bulo, a toshe tukunyar da laka, ta kwana a wuta. Gishirin yana cinye azurfar, garin bulo ya shanye. Sharaɗin shi ne kada zafin ya kai fallen ya narke, domin in ya dunƙule gishirin ba zai kai cikinsa ba. Zinariya tsantsa tana narkewa a digiri 1064, gaurayayya kuwa ƙasa da haka.

Ta uku ita ce awo a ruwa, wadda al-Biruni ya ƙware a kai, al-Khazini kuma ya rubuta Mizan al-Hikma a kanta a Marwa wajen 1121. Sun sami nauyin zinariya ya ninka na ruwa kusan sau 19, awon yau 19.3 ne. A auna abu a iska, a rataye shi da zare a auna a cikin ruwa, a raba nauyin farko da bambancin awon biyu. Giram 50 na zinariya tsantsa yana rage kimanin giram 2.6, na tagulla kuwa kusan 5.9. Kumfar iska da ta maƙale, ko rami a cikin awarwaro, ko dutsen ado, duk suna ɓata lissafin.

Me ya haɗa alkimiya da rubutun sirri?

Masu alkimiya ba sa son kowa ya fahimce su. Suna kiran zinariya rana, azurfa wata, dalma tauraron Zuhal, baƙin ƙarfe tauraron Mirrikh, zaiba gudajjen bawa, nushadir gaggafa. Suna ɗaya yana iya nufin abu biyu a littafi biyu. Littattafan Jabir sun ƙara da wata dabara da suke kira tabdidul ilmi: a warwatsa matakan aiki ɗaya a littattafai daban-daban, sai mai haƙuri ya tattara. Amma rubutun sirri na gaske a ofisoshin gwamnati ya girma, wurin magatakarda da masu aika wasiƙun sarauta da jami'an haraji.

Wa ya fara rubuta yadda ake warware rubutun sirri, kuma yaya hanyar take?

Mafi tsufan rubutu da ya iso gare mu shi ne Risala fi Istikhraj al-Mu'amma ta Ya'aƙub bin Ishaƙ al-Kindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. An gano kwafinta a ɗakin karatu na Sulaimaniyya a Istanbul, aka buga ta a Dimashƙa a 1987. Dabararsa ita ce, ko ka canza wa harafi kama, ba ka canza yawan zuwansa ba. Ya ƙirga haruffa 3667 na wani nassin Larabci, ya ga alif ne a gaba, lam na biye. Sai ya ce a ƙirga alamomin wasiƙar sirrin haka nan, a gwada mafi yawa da alif, na biye da lam. Ya ƙara da duba haruffan da ke yawan haɗuwa da waɗanda ba sa haɗuwa, da kuma kalmomin da ake sa ran gani, kamar Bismillah a farkon wasiƙa.

Ga gwaji da Hausar boko, kowace lamba harafi ɗaya ce:

12-7 / 7 / 3-7-20 / 9-7-15-5 / 18-2-11-14 / 12-7 / 3-7-5 / 9-5-6-7 / 18-7 / 21-7-8-16

Haruffa 29 ne, lamba 7 ta zo sau 9, har ta tsaya ita kaɗai a matsayin kalma. A Hausa wannan "a" ne. Kalmar 12-7 ta zo a farko ta sake zuwa a tsakiya, wanda shi ne tsarin korewa, "ba … ba", kuma "ba a" ya zauna daidai. Bayan "ba" ta biyu, kalma mai harafi uku da "a" a tsakiya ta fi kama da "sai", ke nan 3 "s" ne, 5 "i" ne. Yanzu 3-7-20 ya zama "sa" da harafi ɗaya, "san". An sami "ba a san … ba sai …", kuma kalma ta huɗu da ta takwas harafi ɗaya suka fara da shi, haka ta biyar da ta tara. Daga nan kunnen Bahaushe zai ƙarasa: ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A lura cewa ƙidaya harafi ɗaya kawai ta ba mu. Sauran ya fito ne daga tazarar kalmomi da aka bari, da sanin nahawu, da kasancewar jimlar sananniya. Kuskuren masu koyo shi ne su jera haruffa bisa yawa su maye gurbi gaba ɗaya. Biyu ko ukun farko ne kawai abin dogaro, sauran sai an gwada an goge an sake.

Yaya masu ɓoyewa suka kare kansu daga wannan dabara?

Ibn Adlan, haifaffen Mausil da ya rasu a Alƙahira a 1268, ya tsara ƙa'idoji 20 na warwarewa, ya kuma ce ƙidaya ba ta da amfani sosai in rubutun bai kai haruffa kusan 90 ba. Ke nan kariya ta farko ita ce gajarta saƙo. Ta biyu, cire tazarar kalmomi ko ba ta alamomi da yawa, abin da ya ɗauka a matsayin mafi wahala. Ta uku, cusa alamomin banza da ba sa nufin komai. Ta huɗu, ba harafi mai yawan zuwa alama fiye da ɗaya don yawansa ya rarrabu.

Ibn ad-Duraihim, wanda ya rayu daga 1312 zuwa wajen 1361, ya jera hanyoyi masu yawa, har da juya haruffan kalma da musanya su da lambobi. Al-Ƙalƙashandi ya kwashi bayaninsa ya sa a Subh al-A'sha, kundin aikin magatakarda mai juzu'i 14 da ya kammala a 1412. Wannan kundi ne kuma ya adana wasiƙar da Mai Usman bin Idris na Borno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wajen 1391. Mataki na gaba a Italiya ya fito, inda Leon Battista Alberti wajen 1467 ya siffanta faifai biyu, ɗaya a cikin ɗaya, ana juya na ciki bayan 'yan kalmomi, harafi ɗaya ya riƙa canza kama a cikin wasiƙa guda.

Tawadar da ba a gani fa?

Al-Ƙalƙashandi ya kawo iri-iri. Akwai ruwan albasa, da madara da aka sa wa nushadir, waɗanda ke bayyana in an kanga takardar a wuta, domin wurin rubutun yana riga sauran takardar ƙonewa. Akwai kuma rubutu da ruwan zaj, wanda ke zama baƙi in an shafa masa ruwan afsu, wani ƙullutun itace da ake haɗa tawada da shi. Abin da ke tona su shi ne alƙalami mai kaifi da ke barin zane, da ruwa mai yawa da ke sa takarda ta yi kumburi a layin rubutun, da farar takarda da aka aika ba komai a kanta. Shi ya sa ake rubuta sirrin a tsakanin layukan wasiƙar gaisuwa.

Wace tawada ce aka rubuta waɗannan littattafai da ita, kuma me ya sa wasu shafuka suka huje?

Iri biyu ne, kuma littafin Umdat al-Kuttab da ake danganta wa al-Mu'izz bin Badis na ƙarni na 11 ya kawo haɗin kowanne. Midad ta baƙin hayaƙi ce da ƙaro, 'yar'uwar tawadar allo, ba ta cin takarda amma ruwa yana wanke ta. Hibr kuwa ta afsu ce da zaj. Afsu wani ƙullutu ne da ke fitowa a itacen balluɗ in wani ƙaramin ƙwaro ya yi ƙwai a jikinsa, zaj kuma koren gishiri ne mai ɗauke da baƙin ƙarfe.

Haɗin da ke aiki shi ne afsu giram 30, zaj giram 10, ƙaro giram 10, ruwan sama mililita 300. A farfasa afsun, a jiƙa kwana uku zuwa bakwai ko a tafasa a hankali, a tace da ƙyalle, a zuba zaj, a ƙarshe a sa ƙaron da aka riga aka narkar. Tana fita da ruwan toka, iska ce ke baƙanta ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Rashin haƙuri da wannan ne ke sa mutum ya ƙara zaj, kuma rarar zaj ita ce ke mayar da rubutu ja ta ci takarda har harafi ya faɗo. In ƙaro ya yi kaɗan baƙin ya kwanta a gindin kwalba, in ya yi yawa rubutun ya yi ƙyalli ya tsattsage, shafuka su manne da damina. 'Yan ƙwayoyin kanumfari suna rage fumfuna. Inda babu afsu, bagaruwar da majema ke jima da ita tana ɗauke da irin sinadarin, sai dai a ƙara yawanta a gwada a gefen takarda.

Lissafin abjadi shi ma rubutun sirri ne? Me ya sa wani lokaci ramzin shekara ba ya fita daidai?

Ana iya ɓoye rubutu da shi, kuma Ibn Dunainir, wanda ya rasu a 1229, ya yi bayanin haka. Amma a ƙasar Hausa an fi saninsa a ramzi, kalmar da marubuta waƙoƙi ke sawa a ƙarshe don nuna shekara. Kuskuren yana zuwa ne daga tsari biyu. Na Gabas da na Magrib sun saɓa a haruffa shida: س 60 ne a Gabas, 300 a Magrib; ص 90 da 60; ض 800 da 90; ظ 900 da 800; غ 1000 da 900; ش 300 da 1000. Malamanmu na Magrib suka bi.

Ɗauki شريح. A lissafin Magrib 1000 da 200 da 10 da 8 ne, wato 1218, shekarar hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu. Wanda ya yi da na Gabas zai sami 518, ya ɓata da shekara 700. Don mayarwa Miladiyya a ninka da 0.97 a ƙara 622, a sami 1803 zuwa 1804. Haka 786 da ake rubutawa a madadin Bismillah lissafin Gabas ne, a na Magrib 1026 take.

Ina hatimi ya shigo?

Ta fuskar lissafi, murabba'i ne da kowane layi, tsaye da kwance da karkace, ke ba da jimla ɗaya. Mai gida tara shi ne 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, jimla 15. Don gina kowane mai layuka mara, a sa 1 a tsakiyar layin ƙasa, a riƙa sauka gida ɗaya ana matsawa dama gida ɗaya. In an fita ta ƙasa a shigo ta sama, in an fita ta dama a shigo ta hagu, in gidan a cike yake a hau gida ɗaya sama da inda ake. Mai layi biyar zai ba da 65.

Littattafan Jabir sun gina ka'idar ma'auninsu a kan 1, 3, 5, 8, jimla 17, da kuma 28, kuma wasu masu bincike sun lura cewa gidaje huɗun kusurwar hagu ta ƙasa su ne waɗannan lambobi, biyar ɗin da suka rage kuma 28 suke bayarwa. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina, ya rubuta littafi kan gina irin waɗannan murabba'ai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin Masar.

Akwai rubutun wancan zamani da har yau ba a warware ba?

Akwai littafin Voynich, mai shafi kusan 240, wanda gwajin fatarsa ya nuna tsakanin 1404 da 1438. Wilfrid Voynich ya saye shi a 1912, yanzu yana Jami'ar Yale. An sha shelar an warware shi, amma babu wanda ya kawo ƙa'ida da wani zai ɗauka ya karanta sabon shafi da ita ya sami ma'ana ɗaya, kuma wannan ne gwajin da kowace da'awa za ta ci.

Wanda ya sami tsohon littafin alkimiya, zai iya gwada abin da ke ciki?

Ruwan wardi, tawada, awo a ruwa da lissafi, duk babu laifi. Duk abin da ya ƙunshi ɗora zaiba, dalma ko zarnik a wuta kuwa, a bar shi a takarda. Tururin zaiba ba shi da wari ko launi, yana fita ko a zafin ɗaki, yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, alamunsa rawar hannu da kumburin dasashi da mantuwa. Ƙurar dalma ta fi yi wa yara illa: a 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Littafin kansa a ajiye shi a kwance, nesa da laima da rana, kada a manna masa salatif, a ɗauki hoton kowane shafi har da na ƙarshe, domin a nan marubuci kan sa sunansa da ramzin shekarar da ya gama.